Cikin Masu Sankarar Huhu, Nawa Ne Ƙurar Asbestos Ta Kama?

A garuruwanmu na kudancin Katsina, daga Funtua zuwa Bakori da Danja, har Malumfashi da Kafur da Ƙanƙara, akwai tsofaffin makarantu da ɗakunan shan magani da gidajen ma'aikata da yawa waɗanda in ka ɗaga kai za ka ga farin allon nan da ake kira silin asbestos. Waɗansu ma har rufinsu na waje da shi ne, mai kauri, mai tudu da kwari kamar kunyar gona. An yi ta sa shi ƙwarai a shekarun 1970, lokacin da aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta na 1976, aka bukaci azuzuwa masu yawa da gaggawa. Iyayenmu sun so shi, suna kuwa da hujja. Ba ya tsatsa, gara ba ta cinsa, wuta ba ta kama shi, ɗaki kuma yakan fi na kwano sanyi da bazara.

Yau allunan nan sun kai shekara arba'in ko hamsin. Sun fara tsagewa, ruwa ya ɓata waɗansu, kwamitocin makaranta da na majami'a kuma suna ta shawarar a sauke su. Likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa ƙurar asbestos tana kawo sankarar huhu, wadda waɗansu ke kira ciwon dajin huhu. To, amma cikin mutum ɗari da wannan ciwo ya kama, nawa ne za a ɗora wa asbestos alhakinsu? Amsar tana da amfani gare mu, gama ita ce za ta nuna mana wanda ya kamata ya ji tsoro, da wanda zai iya kwanciya da hankalinsa.

Dutse mai zare

Asbestos wani irin dutse ne da ake haƙowa daga ƙasa. In aka farfasa shi sai ya warware zare zare kamar auduga, har ana iya saƙa shi. Iri uku ne suka fi shiga kasuwa: fari, da ruwan ƙasa, da shuɗi. Farin shi aka fi amfani da shi a duniya. Allon silin da na rufi siminti ne aka cuɗa da zaren nan, wajen kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. A Nijeriya an kafa kamfanin yin su a Ikeja a 1959, sa'an nan a Emene kusa da Enugu, daga baya a Sapele da Kano da Bauchi. Ban da rufi, an sa shi a bututun ruwa, da birkin mota, da naɗin tukwanen tururi na masana'antu da na tsofaffin jiragen ƙasa. Daga baya kamfanonin Ikeja da Enugu sun koma yin allon da babu asbestos a cikinsa, ko da yake bakin mutane bai sake masa suna ba.

Muddin zaren yana kame cikin siminti, kaɗan ne ke fita. Amma in aka sa zarto, ko aka huda, ko aka fasa, sai ya tashi cikin iska, ƙanana ƙwarai har ido ba ya ganinsu. Waɗanda aka shaƙa sukan nutse can cikin huhu, jiki kuwa ba ya iya fitar da su duka. Ciwon ba ya fitowa nan da nan. Yakan ɗauki shekara 20, ko 30, ko fiye.

Ciwon da ba shi da shaida

Ga inda wuyar take. In likita ya yanko ɗan naman sankarar huhu ya duba a madubin asibiti, babu wata alama da za ta ce masa wannan ta asbestos ce, waccan ta taba ce. Kamanninsu ɗaya, tarin ɗaya, ramar ɗaya. Saboda haka ba a samun rabon asbestos ta wurin duban majiyyaci ɗaya ɗaya. Da lissafi ake samunsa.

Manomin ƙasarmu ya riga ya san irin wannan lissafi. Tun zamanin aikin gona na Funtua da aka fara da taimakon Bankin Duniya a 1975, malaman gona sukan yi gonar gwaji a bakin hanya. Sashe ɗaya a zuba taki, sashe ɗaya a bar shi haka. Da kaka ba wanda zai ɗauki zangarniyar masara ya ce wannan ƙwayar taki ne ya kawo ta. Sai dai a auna. In sashen taki ya ba da buhu goma, ɗayan ya ba da huɗu, to buhu shida rabon taki ne. Haka masu binciken ciwo suke yi. Sukan ɗauki jama'ar da ta shaƙi ƙurar, su ƙirga waɗanda suka mutu da ciwon, su gwada da abin da za a sa rai a gani cikin mutane masu shekaru irin nasu waɗanda ba su yi wannan aiki ba. Abin da ya haura shi ne rabon ƙurar.

Wani likita a Ingila, Richard Doll, ya yi wannan gwaji a 1955. Ya bi labarin maza 113 da suka yi shekara 20 ko fiye a masaƙar asbestos ta garin Rochdale, kusa da Manchesta. (Yankin nan ne kuwa masaƙunsa suka sa Turawa suka kafa injunan gurzar auduga a Funtua da Malumfashi.) Bisa ga lissafin sauran jama'a, ko mutum ɗaya cikakke bai kamata a samu ya mutu da sankarar huhu a cikinsu ba, gama adadin da aka sa rai 0.8 ne. Sai aka tarar 11 sun mutu da ita. Wato wajen goma daga cikin sha ɗayan nan aikinsu ne ya kashe su, amma har yau ba mai iya nuna wanene na sha ɗayan, wanda da ma zai kamu ko bai shiga masaƙar ba.

Mu hau allo

Wannan lissafin masaƙa ɗaya ne. Domin a san rabon ƙasa duka, ana bukatar abu biyu: mutum nawa cikin jama'a suka shaƙi ƙurar, da kuma sau nawa ta ninka musu hatsari. Wani likitan Amurka, Morton Levin, ya tsara hanyar haɗa su a 1953, ɗan aji shida kuma zai iya bin ta.

Ga misali, na koyarwa ne kurum. A ce gari yana da maza 1,000, a ce kuma a bisa al'ada mutum 1 cikin 100 ne ke kamuwa da ciwon. Cikin mazan nan 100 sun yi aikin yankan allon asbestos har hatsarinsu ya ninka biyu. Sauran 900 za su ba da majiyyata 9. Masu aikin allo kuwa, maimakon 1, za su ba da 2. Duka 11 ke nan, ɗaya kuma shi ne ƙari. Ɗaya cikin 11 ya kama wajen kashi 9 cikin ɗari. Amma duba cikin masu aikin allo kaɗai: ɗaya cikin biyu, wato rabi. Ashe ana iya samun abin da rabonsa a gari ƙarami ne, amma a wurin kafinta da magini rabin masifar nasa ne. Wanda ya ji “kashi 9 kawai” ya saki jiki, alhali da zarto yake neman abinci, ya karanta lissafin da ba nasa ba.

Yaushe ne hatsarin ke ninka biyu? Masana sun taru a Helsinki, babban birnin Finlan, a 1997, suka sa ma'auni. Suka ce shekara ɗaya ta aiki cikin ƙura mai yawa, kamar naɗe bututu ko rushe tsohon gini, ko kuwa shekara 5 zuwa 10 cikin matsakaiciyar ƙura, kamar aikin gini, tana iya kai mutum wannan matsayi. Suka ce kuma ba za a ɗora wa asbestos laifi ba sai an sami aƙalla shekara 10 tsakanin fara shaƙarsa da fitowar ciwon.

Lissafin yana da sauƙi, amma in aka zuba masa lambar da ba daidai ba, yakan kai mutum daji. A 1978 sakataren lafiya na Amurka, Joseph Califano, ya fito da wani rahoto wanda ya ce a shekaru masu zuwa asbestos zai ɗauki kashi 13 zuwa 18 cikin ɗari na dukan mace-macen sankara a ƙasar, kowace irin sankara. Hankalin mutane ya tashi. Da aka bincika sai aka ga masu rahoton sun ɗauki hatsarin waɗanda suka ƙare rayuwarsu cikin ƙura mai kauri, suka shafa shi a kan miliyoyin mutanen da suka ɗan taɓa aikin, kamar waɗanda suka yi gajeren lokaci a wuraren ƙera jiragen ruwa lokacin yaƙin duniya na biyu. Kamar mutum ne ya auna amfanin fadama ya ce haka kowace gonar tudu za ta bayar. A 1981 Doll da abokin aikinsa Richard Peto suka sake lissafi, suka ce dukan cututtukan sankara da ake ɗauka a wurin aiki, har da na asbestos, wajen kashi 4 ne cikin ɗari. A ganina wannan labari ya cancanci a riƙa tunawa da shi, gama lambar da aka kumbura takan sa mutane su daina yarda da ta gaskiyar in ta zo.

Taba da asbestos

Babbar uwar sankarar huhu a duniya ita ce taba sigari. Wannan kuwa ya ƙara rikita rabon, domin ma'aikatan asbestos da yawa mashaya ne. Irving Selikoff da abokan aikinsa sun bi ma'aikata 17,800 masu naɗe bututu da tukwanen tururi a Amurka da Kanada, suka buga sakamakon a 1979. Ga mace-macen sankarar huhu cikin kowane mutum 100,000 a shekara: wanda ba ya shan taba, ba ya aikin asbestos, wajen 11. Mai aikin asbestos wanda ba ya sha, 58. Mai shan taba wanda ba ya aikin, 123. Mai haɗa su biyu, 602.

Mai karatu ya lura, 58 da 123 in an tara su ba su kai 200 ba, amma ga 602. Asbestos ya ninka hatsari sau biyar, taba sau goma sha ɗaya, haɗuwarsu kuwa ta ninka shi fiye da sau hamsin. Kamar ruwan sama ne da taki, kowanne yana ƙara wa ɗayan ƙarfi. Bincike na baya ya nuna ninkin bai cika kai haka ba a kowane wuri, amma ya tabbatar haɗin ya fi tarawa muni.

Daga nan wani abin mamaki ke fitowa. Ɗauki mutanen nan 602. Da babu asbestos da 123 ne za su mutu, wato an tsirar da kashi 80 cikin ɗari. Da babu taba da 58 ne, wato an tsirar da kashi 90. Tara 80 da 90, ka sami 170. Ba kuskure a lissafin. Mutum ɗaya ne ake ƙirgawa sau biyu, domin ko wanne aka cire daga cikin biyun da ya rayu. Saboda haka in wani ya ce, “Ai taba ce ta kashe shi, ba aikinsa ba,” maganarsa ba ta wanke ƙurar ba.

Akwai labari mai daɗi a nan. A 2013 aka buga ci gaban binciken irin waɗannan ma'aikata. Waɗanda suka bar taba, cikin shekara 10 hatsarinsu ya ragu da rabi, bayan shekara 30 kuma ya koma daidai da na abokan aikinsu da ba su taɓa sha ba. Zaren da ya shiga huhu ba ya fita, amma taba ana iya ajiye ta yau.

Mudu na biyu

Akwai wata hanya kuma. Asbestos yana kawo wata sankara dabam, ta tantanin da ya lulluɓe huhu, ana ce da ita mesoteliyoma. Wani likita a Afirka ta Kudu, Christopher Wagner, ya ba da labarin majiyyata 33 a 1960, 32 daga cikinsu kuwa sun yi hulɗa da shuɗin asbestos, waɗansu ma ba su yi aikin ba, kusa da wurin haƙarsa kawai suka zauna. Taba ba ta kawo wannan ciwo, kuma da wuya a same shi inda babu asbestos. Saboda haka ana iya ƙirga shi kai tsaye, a mai da shi mudu: ga kowane mutum ɗaya da mesoteliyoma ta kashe, mutum nawa ne asbestos ya kashe ta hanyar sankarar huhu?

Mudun nan ba ɗaya ba ne a kowace kasuwa. A 2012 masana na cibiyar binciken sankara ta duniya da ke Liyon a Faransa suka tattara bincike 55. Suka tarar inda aka yi aiki da shuɗi, adadin bai kai ɗaya ba, 0.7 ne. Inda aka gauraya iri iri, wajen 2. Ruwan ƙasa, 4. Fari kuwa, wajen 6. Wannan na ƙarshe ya shafe mu, gama fari ne aka fi zubawa cikin siminti. Ma'anarsa, a ƙasar da ta yi amfani da fari, ƙarancin mesoteliyoma ba ya nuna an tsira.

Ga abin da hanyoyin nan suka bayar. A Birtaniya wani bincike na 2006 ya ce tsakanin 1980 da 2000 asbestos ya ɗauki kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na mazan da sankarar huhu ta kashe. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta ƙasar takan yi lissafin ɗaya da ɗaya. Tsakanin 2012 da 2020 mesoteliyoma ta kashe wajen mutum 2,500 a shekara, sankarar huhu kuma wajen 35,000, wato rabon asbestos wajen kashi 7 ke nan. Na duniya duka, Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun kimanta cewa a 2016 asbestos na wurin aiki ya kashe mutum 209,481. Cikinsu 177,614 sankarar huhu ce, 23,104 mesoteliyoma. In aka gwada da wajen miliyan 1.7 da sankarar huhu ta kashe a shekarar, kusan ɗaya cikin goma ke nan. Daga 2 zuwa 10 akwai tazara, amma kowace lamba tana da ƙasarta, da shekarunta, da mudunta. Ko wadda ta fi ƙanƙanta ta isa ta sa ƙasashe fiye da 60 su hana shi: Birtaniya a 1999, Tarayyar Turai a 2005, Afirka ta Kudu a 2008, Kanada a 2018.

A gida fa?

Ba za a ɗauko lambar Birtaniya a manna mana ba. Su sun ƙera jiragen ruwa, sun naɗe masana'antu da zaren da ba a cuɗa da siminti ba, sun kuma sha taba fiye da mu nesa. Mu kuwa muna da namu abubuwan da ke wahalar da huhu: hayaƙin itace a madafa, ƙurar auduga a wurin gurza da masaƙa, hayaƙin janareta.

A takarda, sankarar huhu ba ta da yawa a Nijeriya. Kimantawar cibiyar Liyon ta 2020 ba ta kai sababbin majiyyata 2,000 ba, cikin jama'a fiye da miliyan 200. Birtaniya, wadda jama'arta ba ta kai sulusin tamu da yawa ba, tana samun fiye da 45,000 a shekara. Wani ɓangaren bambancin gaskiya ne, gama yawancinmu matasa ne, ciwon kuwa na manya ne. Amma wani ɓangaren rashin ƙirga ne. Ko da yake an buɗe rajistar masu sankara a Ibadan tun 1960, yawancin mace-macen ƙasar nan ba a rubuta su, balle dalilinsu. Dattijon da ke tari, yana ramewa, yana kakin jini, kowa zai ce tarin fuka ne, sau da yawa kuwa haka ne. Amma wanda ba shi ba ne yakan shanye maganin wata shida, ya koma gida ya rasu, ba a kai shi asibitin koyarwa na Shika ko na Katsina an yanki nama an duba ba. Wannan mutum bai shiga lissafin kowa ba.

Ƙirga ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. A shekarun 1970 Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful sun yi babban aikin bincike a yankin Malumfashi. Sun bi gida gida suna rubuta haihuwa da mutuwa, suna binciken zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da saran maciji. Abin da lissafin asbestos ke bukata ya fi wannan sauƙi: a tambayi kowane mai doguwar cutar ƙirji aikin da ya yi shekara talatin da suka wuce, a rubuta a katinsa. Kai ma mai jinya kada ka jira tambaya. In mahaifinka ya yi kafinta, ko gini, ko gyaran birki, ko aikin tukunyar tururi, faɗa wa likita. In maganin tarin fuka ya ƙare tari bai tafi ba, a koma a nemi hoton ƙirji.

Lissafin nan duka ya nuna hatsarin yana bin yawan ƙura da tsawon shekaru. Iyalin da ke kwana ƙarƙashin silin lafiyayye ba su cikin layin gaba, sau da yawa ma barinsa a wurinsa a shafa masa fenti ya fi sauke shi da gaggawa. Waɗanda ke gaba su ne kafintan da ya hau da zarto, da yaron da ke riƙe masa, da matar da za ta share ɗakin ko ta kakkaɓe rigarsa, da bakaniken da ke hure ƙurar birki da baki.

Saboda haka kwamitin da ya yanke shawarar sauke tsohon rufi ya yi aikin lokacin hutu, sa'ad da yara ba su nan. A jiƙa allon sarai da ruwa mai ɗan sabulu kafin a taɓa shi. A zare ƙusa a sauko da shi ɗungum, kada a jefo shi daga sama, kada a sa zarto ko injin yanka. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare zaren nan, jiƙawar ita ce kariya ta fari. A goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya. Tufafin aikin a jiƙa su tun a wurin, a wanke su dabam da na gida. Gutsattsarin kuwa kada a raba wa mutane su rufe akurki, ko su kare murhu, ko su cike ramin hanya, kada kuma yara su mai da su allon rubutu. A naɗe su cikin leda mai kauri, a binne a rami mai zurfi inda ba a noma, a sa alama a wurin domin mai haƙa tushen gini nan gaba.